Ruwa garau, haƙora jajaye: Abin da dutse ke zuba wa rijiyar burtsatse a arewacin Gana

A gundumar Bongo, arewa da Bolgatanga dab da iyakar Burkina Faso, akwai rijiyoyin burtsatse da aka kashe kuɗi aka haƙa, aka samu ruwa, sannan aka toshe bakinsu ba a ko ɗora famfo ba. Ruwan ba ya wari, ba shi da launi, in ka zuba a kofin gilashi garau yake kamar na kwalba. Laifinsa ɗaya ne. Da aka kai shi ɗakin gwaji, an tarar sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya wuce abin da jikin yaro zai iya ɗauka.

Babu masana'anta a wurin, babu bola, babu wanda ya zuba komai. Dutsen da ruwan ya kwana a cikinsa ne ya ba shi. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. To, wannan ko tsamin bai yi ba, shi ya sa ya fi wuyar ganewa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, a zangunanmu, daga Nima zuwa Kumasi, daga Tamale zuwa Bawku, haƙa bohol ya zama babbar sadakar wannan zamani. Matasa na haɗa kuɗi, 'yan'uwa da ke Jamus da Amurka na aikowa, a haƙa a ƙofar masallaci ko a garin iyaye. Ranar da injin ya fasa, tambaya ɗaya ake yi: an samu ruwa? Ban cika jin wanda ya ce wane irin ruwa aka samu ba. Amsar wannan tambaya ta biyu kuwa tana cikin yadda ruwa ke cin dutse.

Yadda ruwa ke cin dutse

Ruwan sama kafin ya iso ƙasa yana haɗiyar iskar kabon dayoksaid, irin gas ɗin da ke cikin lemon kwalba. Wannan ke ba shi wani ɗan tsami da harshe ba ya ji. In ya shiga ƙasa tsamin na ƙaruwa, domin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye na fitar da wannan iskar, har ta ninka ta sarari sau goma ko fiye. Da wannan raunannen tsami ruwa ke bin tsagar dutse yana lasa, shekara da shekaru.

Ɗauki ɓallin dutsen giranit ka duba da kyau, za ka ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi masu kama da gilashi, su ne kwaz. Akwai farare ko masu ja-ja, su ne felsifa. Akwai kuma baƙaƙe masu ƙyalli da ke ɓarewa fale-fale, ana ce musu bayotait. Ruwa ba ya cin su daidai wa daida. Tun a 1938 wani masanin duwatsu Ba'amurke, Samuel Goldich, ya jera ma'adanan dutse bisa saurin lalacewarsu. Baƙaƙen nan masu ƙarfe da maganiziyam na cikin waɗanda ke riga faɗuwa. Felsifa na ruɓewa ya koma yumɓu. Shi kuwa kwaz taurin kai gare shi, shi ne ke saura a matsayin yashin da muke gini da shi.

Wato yumɓun mai tukwane da yashin magini duk gawar dutse ɗaya ce. Abin da ya rage a tambaya shi ne, sauran kayan da ke cikin dutsen fa, ina suka tafi?

Masu tafiya da masu zama

Sinadaran dutse kashi biyu suke rabuwa in ruwa ya taɓa su. Akwai masu bin ruwa su tafi: sodiyam, kalsiyam, maganiziyam, fotasiyam. Su ne ke ba ruwan rijiya ɗanɗanonsa, su ne kuma farin abin nan da ke kamawa a gindin tukunyar dafa ruwa. Akwai kuma masu zama daram: ƙarfe da alminiyam. Ƙarfe da zarar ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa ya ƙi narkewa.

Jar ƙasar nan da ke ɓata mana farar riga a hanyar ƙauye, da marmarar da ake zubawa a titi, tsatsar da ruwa ya bari ce bayan ya kwashe sauran. Inda ruwan sama ya yi yawa ya daɗe yana wanki, har silika na tafiya, sai alminiyam ya taru shi kaɗai. Ma'adanin boksait da ake haƙa a Awaso tun shekarun 1940, da wanda ake ta taƙaddama a kansa a dajin Atewa, ta haka suka samu.

Bayan waɗannan manya akwai ƙananan sinadarai, waɗanda a cikin dutse ma kaɗan ne ƙwarai, a ruwa kuwa da miligiram ko abin da bai kai ba ake auna su. Fuloraid, asenik, yuraniyam, sitironshiyam, litiyam, duk nan suke. Kowanne da halinsa. Wani yumɓu ke kama shi, wani tsatsa ke riƙe shi, wani kuma ba mai tare shi sai ya isa kofin shanka. Ƙaramin sauyi a yanayin ruwan, ko tsami, ko yawan iska, ko daɗewa a ƙasa, shi ke yanke hukuncin wanda zai zauna da wanda zai tafi.

Me ya sa sai Bongo?

Duk wanda ya bi hanyar Bolga zuwa Bongo ya ga manyan duwatsun nan masu ja-ja da suka hau kan juna, ga kuka a tsakaninsu, ga gonakin gero da dawa. Giranit ne mai kimanin shekara biliyan 2. Abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa shi ne yana da yalwar ma'adanai masu ɗauke da fuloraid, irin su bayotait, da honbilend, da afatait.

Amma yawan fuloraid a dutse shi kaɗai ba ya isa. Dole wasu abubuwa su haɗu.

Na farko, ƙarancin kalsiyam. Fuloraid da kalsiyam in sun haɗu da yawa a ruwa, sai su ƙulle su zama ma'adani su kwanta. Ruwan da ke da kalsiyam yana da mai tsaron ƙofa ke nan. Ruwan giranit irin na Bongo kuwa kalsiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba, don haka fuloraid ke yawo yadda ya ga dama.

Na biyu, daɗewa. Ruwan da ya faɗo bana ya tsaya a sama-sama bai samu lokacin lasar dutse ba. Wanda ya gangara cikin tsaga mai zurfi ya shekara goma ko ɗari yana jiƙe da dutsen, shi ke kwaso kaya. Wannan ne dalilin da ya sa a yankin sau da yawa rijiyar guga ke da ƙarancin fuloraid a kan bohol ɗin da ke kusa da ita, haka ma ruwan madatsa irin ta Vea.

Na uku, fari da zafi. Damina ɗaya ce a arewa, sabon ruwan da zai tsarma tsohon ba shi da yawa. Ga shi kuma a watan Maris da Afrilu zafin Bolga na haura digiri 40, yaro na shan ruwa fiye da takwaransa na ƙasar sanyi, abin da ke shiga jikinsa na ƙaruwa ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 na fuloraid a kowace lita, Gana ma wannan ma'aunin take bi. Lita ɗaya ruwan leda biyu ke nan, miligiram 1.5 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar shinkafa ba. Wani bincike da masani Braimah Apambire da abokan aikinsa suka buga a 1997 ya samu rijiyoyin da suka kai miligiram 4.6 a wannan yanki, ya kuma ruwaito cewa fiye da rabin 'yan makarantar Bongo na da tabo a haƙora.

Na ga irin waɗannan haƙoran da idona a kasuwar Bolga, a bakin yara masu talla. Wasu farin tabo ne kamar an ɗiga alli, wasu ruwan ƙasa, wasu har sun yi ramuka. Baƙo sai ya ɗauka rashin asuwaki ne, ko goro. To yaro ɗan shekara takwas goron me ya ci? Tabon daga ciki yake. Fuloraid kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa a lokacin da haƙoran dindindin ke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, sai ya ɓata farin rufin haƙorin. Ba asuwakin da zai fitar da shi. Na lura da 'yan mata da ke sa hannu su rufe baki in za su yi dariya, kuma duk wanda ya san yadda ake zaɓen aure a wajenmu ya san wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Darasin Tibiri

Haƙori gargaɗi ne kawai. In fuloraid ya kai miligiram 3 zuwa 6 aka daɗe ana sha, ƙashi yake shiga. Gaɓoɓi su sandare, baya ya ƙage, ƙafafun yara su lanƙwashe.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ga wannan a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Daga 1985 zuwa wajen 2000 garin na shan ruwan wata rijiya mai zurfi wadda fuloraid ɗinta ya ninka iyakar da aka sa fiye da sau uku. Kafin a rufe ta, ɗaruruwan yara sun nakasa, masu tabon haƙori kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto musamman a kan yaran Tibiri. Shekara goma sha biyar ana shan ruwa garau, ana godiya an rabu da ruwan tabki.

A arewacin Kamaru ma, a kwarin Mayo Tsanaga da ke gangarowa daga duwatsun Mandara zuwa Marwa, an auna rijiyoyin da suka haura miligiram 10. Nan ma giranit ne, nan ma ga fari.

A kudu, asenik

Kada mutanen Kumasi su ce wannan matsalar 'yan arewa ce. Duwatsun da ke ɗauke da zinariyar Obuasi na ɗauke da wani ma'adani mai suna asenofairait, haɗin ƙarfe da farar wuta da asenik. Muddin yana binne inda iska ba ta kai, lafiya lau yake kwance. Da zarar iska da ruwa sun taɓa shi, farar wutar ta koma ruwan asid, asenik ya kuɓuce.

Nan tsatsa ke yi mana rana. Asenik na manne wa tsatsar ƙarfe kamar ƙaya a jikin zane, don haka jar ƙasa ke tare mafi yawansa. Sai dai riƙon na da sharaɗi. A can ƙasa inda iska ta ƙare, tsatsar kanta narkewa take, ta saki duk abin da ta riƙe. Haka ta faru a Bangaladash, inda aka haƙa miliyoyin rijiyoyi don guje wa kwalara, sai a 1993 aka tabbatar da asenik a ruwan, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. A maƙwabciyarmu Burkina Faso, an rufe rijiyoyi a yankin Yatenga saboda asenik, kuma duwatsun can dangin namu ne masu zinariya.

Iyakar asenik miligiram 0.01 ce a lita, wato ta fi ta fuloraid ƙanƙanta sau 150. Shan sa na tsawon shekaru na kawo kaurin fata a tafin hannu da ƙafa, da ciwon daji na fata, huhu da mafitsara. Masu galamse kuwa, ban da makuri da suke kawowa da hannunsu, suna niƙe dutse ya zama gari su baje shi a rana da ruwa. Aikin da ruwa zai yi a shekara dubbai, sun rage masa hanya.

Tagwayen da ke ba da shaida

Ta yaya masana ke sanin dutsen da ruwa ya bi, da tsawon zamansa a ƙasa, alhali ba wanda ya shiga ya gani? A nan ne abin da ake kira aisotof ke shigowa. Ni na fi son in ce musu tagwaye. Sinadari ɗaya ne, hali ɗaya, amma ƙwayar zarrar wani ta ɗan fi ta ɗan'uwansa nauyi. Lambar da ake liƙa wa sunan, nauyin take nunawa.

Ɗauki sitironshiyam, wanda ke bin kalsiyam duk inda ya je. Yana da tagwaye huɗu da ba sa sauyawa: 84, 86, 87 da 88. Na 87 ɗin na da wani sirri, domin yana ƙaruwa a cikin dutse sannu a hankali, daga rubidiyam 87 da ke rikiɗewa. Rikiɗar na da nawa ƙwarai, sai an yi wajen shekara biliyan 49 kafin rabi ya juye. Saboda haka tsohon giranit mai yawan rubidiyam ya tara 87 da yawa, sabon dutsen aman wuta kuwa kaɗan gare shi. In aka auna yawan 87 a kan 86, sabon dutsen aman wuta na ba da wajen 0.704, ruwan teku 0.709, tsohon giranit kuma na haura 0.71, wani har ya wuce 0.72. Bambancin kamar ba komai, amma na'ura na karanta shi sarai. Ruwa in ya lashi dutse yana ɗaukar wannan lamba yadda take, kamar tambarin da aka buga wa takarda. Ko a cikin dutse ɗaya ma, bayotait ya fi kowa yawan 87, to in lambar ruwa ta yi sama sosai, alama ce baƙaƙen ƙwayoyin nan ne ke ruɓewa, su ne kuma ke cikin masu sakin fuloraid.

Tambarin ba a ruwa yake tsayawa ba. Yana shiga hatsi, ya shiga haƙorin yaro ya zauna har abada. A 2006 masu bincike suka auna haƙoran wasu mutane da aka binne a wata tsohuwar maƙabarta a Kamfece ta ƙasar Meziko, tun ƙarni na 16 zuwa na 17. Lambar wasunsu ta fi ƙarfin duwatsun wurin, ta dace da tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma. Da haka aka gane cewa a nan yankinmu aka haife su, cinikin bayi ya tsallaka da su.

Litiyam, wanda muke ta jin sunansa tun da aka gano shi a Ewoyaa, nasa salon daban ne. Tagwayensa biyu, 6 da 7. Lokacin da yumɓu ke samuwa ya fi son ɗaukar mara nauyin, sai ruwan da ya wuce ya fi yawan 7. Wanda ya auna wannan a kogi zai san ko dutsen narkewa kawai yake, ko kuwa yumɓu na ginuwa yana tare wasu sinadaran a hanya.

Shekarun ruwa kuma akwai agogo biyu. Tiritiyam, wato haidurojin 3, rabinsa na ɓacewa duk shekara 12.3. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama sun cika ruwan saman duniya da shi, abin ya kai ƙololuwa a 1963. Ruwan rijiyar da ba a ga tiritiyam a cikinsa ba, ya riga wancan zamanin shiga ƙasa. In ya tsufa ƙwarai sai a koma ga kabon 14, mai rabewa duk shekara 5,730. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta yi irin wannan awo a ƙasashe 13 na yankin Sahel daga 2012, da Gana da Nijar da Kamaru a ciki, kuma hukumarmu ta nukiliya da ke Kwabenya a Akra na da masu wannan aiki. Amfaninsa ga mai haƙa rijiya a fili yake: tsohon ruwa a cikin giranit, a yi hattara da fuloraid, sabon ruwa na sama-sama, a yi hattara da masai da ƙwayoyin cuta.

To, mene ne abin yi?

Kada wani ya karanta wannan ya koma ruwan tabki. Bohol na cikin abubuwan da suka raba mu da kurkunu, cutar da aka ga ƙarshenta a Gana a 2010, aka kuma ba ƙasar shaidar rabuwa da ita a 2015. Mafi yawan rijiyoyin ƙasar nan ruwansu lafiyayye ne. Matsalar ita ce ido da harshe ba sa bambance mai kyau da mara kyau, kuma rijiyoyi biyu a gari ɗaya na iya bambanta, domin kowace da tsagar da ta faɗa.

Abu na farko gwaji ne, kafin a ɗora famfo. Cibiyar binciken ruwa ta CSIR na da ɗakunan gwaji a Akra da Tamale, akwai hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, akwai kuma hukumar ruwan karkara ta CWSA da ke da ofis a yankuna. A faɗa musu ƙarara a duba fuloraid da asenik, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. Kuɗin gwajin ɗan kaɗan ne in an kwatanta da na haƙa. Kwamitin da ya ba da kwangila ya sa a rubuce cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an ga takardar sakamako. Tsofaffin rijiyoyin da ba a taɓa aunawa ba su ma a kai nasu.

Abu na biyu, iyaye mata su sani cewa tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya taɓa fuloraid ko asenik. Ƙara musu ƙarfi ma yake, tunda ruwan ne ke tashi tururi su su zauna. Tacewa da ƙyalle ma ba ta yi. Tuwo da koko da aka yi da ruwan suna ɗauke da abin da ke cikinsa.

Abu na uku, rijiyar da ta faɗi gwajin fuloraid ba ta zama asara gaba ɗaya ba. Ana wanka da ita, ana wanki, ana alwala, ana gini. Sha da girki ne za a nemo wa wata hanya, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara takwas da masu ciki. Ana tara ruwan sama daga rufin kwano a tanki mai murfi. Ana gauraya ruwan da wani mai ƙarancin fuloraid bisa lissafin masana. Akwai matatu masu aiki da garin alminiyam na musamman, akwai masu aiki da gawayin ƙashin shanu irin waɗanda ake yi a Nakuru ta Kenya, akwai kuma dabarar Nalgonda ta Indiya mai amfani da alif da farar ƙasa. Kowace matata na cika ta daina aiki, saboda haka sai an tanadi mai kula da ita da kuɗin sauya kayan ciki, in ba haka ba ana shan ruwan da ake zaton an tace ne kawai.

Kusan kowane bohol na sadaka a zangunanmu na da allo a jikinsa, da sunan wanda ya bayar, da sunan mamacin da aka yi dominsa, da ranar buɗewa. Roƙona ga limamai da sarakunan zango da kwamitocin matasa shi ne a ƙara layi biyu a wannan allo: ranar da aka gwada ruwan, da abin da gwajin ya nuna. Uwar da ta zo da jarka ta ɗebar wa jaririnta ta cancanci ta gani.